Miya Mai Santsi

"Baban Boram, mayar da ƙunshin nan gida. In ka hau jirgi da shi, za ka ɓata wa yarinyar nan rana."

Yaya Chunbae ne ya tare ni da wannan magana a bakin gaɓa, yana nuna busasshen ganyen tekun da na naɗe a jarida. Maƙwabcina ne, igiyoyin da yake noman ganyen teku a kansu na jikin nawa a cikin ruwa, kuma bakinsa ba linzami.

Na ce, "Gobe ranar haihuwarta ce a lissafin wata."

"Gobe kuma jarrabawarta ce a lissafin kowa. Wa ka taɓa ji ya sha miya mai santsi ya shiga jarrabawa? Zamewa za ta yi, tsohon kaguwa, kai ma ka sani." Ya cusa mini alewa mai danƙo a aljihu. "Ga abin da ake kaiwa, don ta manne."

Na karɓi alewar. Ganyen ma ban mayar ba.

Boram 'yata ce, ita kaɗai gare ni. Tana aiki a Daejon, a kamfanin da ke kula da taurarin ɗan'adam na ƙasa. Jarrabawar ta zaɓen waɗanda za a tura Turai ce, su zauna inda ake ƙera tauraro na shida har a gama shi. Shekaru za a yi, in ji ta. Wasu in sun je sukan yi aure a can.

Ni karatuna bai yi nisa ba, amma taurarin nan na san su kamar 'ya'yan maƙwabta. Tana firamare aka harba na farko. Aka kafa farantin kama tauraro a rufin zauren ƙauye, hoton talabijin ɗinmu ya daina yayyafi. Aka ce tauraron bai kai inda aka nufa ba, sai da ya ƙona man da zai rayu da shi kafin ya isa, don haka kwanansa ba zai yi tsawo ba. Boram ta yi kuka a kan haka, mahaifiyarta tana yi mata dariya. Na biyu ya tashi, farantai suka bazu a rufin gidaje. Na uku kuwa, a shekarar da muka binne mahaifiyar ne. Babu na huɗu. Masana da duk iliminsu suka tsallake shi, don a harshenmu sunan huɗu da na mutuwa lafazinsu ɗaya. Na biyar ne ya ɗauke mini ita zuwa birni.

Na taɓa tambayarta, in tauraro ya tsufa yaya ake sauko da shi. Ta ce, "Ba a saukowa da shi, Baba. Da ɗan man da ya rage ake ƙara tura shi sama, ya ba sabo wuri." Tun daga ranar ba na son kallon farantin rufina.

Na isa ɗakinta da la'asar, bayan jirgin ruwa da motar Mokpo. Ta rame. Ta yi mini faɗa don ban yi waya ba, ta ba ni katifarta, ta koma kan littattafanta. Ranar haihuwa ko ambatonta ba ta yi ba. Su yaran yanzu da kalandar ofis suke lissafi, tata a wurinsu ta wuce tuni.

Da sassafe na jiƙa ganyen. Ya kumbura ya cika kwano, baƙi-ƙirin, yana sheƙi. Na soya shi da man riɗi da ɗan nama kamar yadda mahaifiyarta ke yi. Miyarsa ta sha wata guda bayan ta haifi Boram, shi ya sa ake dafa wa mutum a ranarsa, don ya tuna wadda ta haife shi. Ina juya tukunya ina faɗa wa kaina wannan ne kaɗai dalilina.

Ƙamshi ya tashe ta. Ta fito da farar riga, gashinta a ɗaure, ta tsaya a gaban ɗan teburin da na ɗora miyar.

"Baba."

"Yau ce ranarki a wata."

"Na sani. Yau kuma mece ce?"

Na zuba shinkafa.

"Baffa Chunbae bai hana ka ba? Na san ya hana ka. Mutumin da ko ƙwai ba ya bari a fasa ranar jarrabawar jikansa."

"Ke da kike tuƙa tauraro, ina ruwanki da camfin tsofaffi?"

"Mu da muka tsallake huɗu?" Ta yi 'yar dariya, dariyar ba ta daɗe ba. Ta durƙusa ta fuskance ni. "So kake in zame?"

Na so in ce a'a. Bakina ya ƙi. Na tura mata kwanon na ce, "Ki ci."

"Wanne? Abincin ko jarrabawar?"

"Duka biyun nake so, 'yar nan. Na kwana ina nema, na kasa raba su."

Ta daɗe tana kallon miyar, tururi na dukan fuskarta. Can ta ɗauki cokali. Ba ta ɗanɗana don ta faranta mini ba, sha ta yi sosai, ta juye shinkafar a ciki, ta ɗaga kwanon ta shanye romon.

"Gishiri ya yi yawa," in ji ta. "Na Umma bai taɓa yin haka ba."

"Hannunta daban ne."

Tana ɗaura takalmi na tuna da alewar. Na lalubo ta, ta yi laushi da ɗumin jikina, takardar ta manne mata. Na miƙa mata. Ta juya ta a tafin hannu.

"Santsi a ciki, danƙo a aljihu. Baba, kai ko mai duba ba zai gane maka ba."

Ta jefa ta a jaka, ta sunkuyar da kai ta ce ta tafi. Na leƙa ta taga har ta sha kwana. Ba ta waiwayo ba, amma ita dama tun tana ƙarama ba ta waiwaye.

Na wanke kwanuka, na bar mata sauran ganyen a kan firji, na kama hanyar gida. Yaya Chunbae na gyaran igiya da na sauka.

"Ka dafa?"

"Na dafa."

"Ta sha?"

"Har romo."

Ya tofar da yawu a ruwa. "To ku biyun duk kanku ba daidai ba."

Yanzu lokacin yankan ganye ne, ina wuni a ruwa. In na ɗago kai nakan duba kudu, inda farantan ƙauyen duk suka fuskanta, ko da yake ba a ganin komai. Boram ta yi waya sau ɗaya, ta ce tambayoyin ba laifi, ta tambayi ciwon gwiwata. Sakamako bai fito ba. Ban san ko ta ci ba, ban kuma san ko ta sha alewar kafin ta shiga ba.