Katakon Da Kawu Idirisu Ya Miƙar

A duk Mantiƙa Sinaiya, unguwar masu sana'ar hannu ta Khartum, an san abu ɗaya game da Usta Idirisu, gwanin kafinta: karkataccen katako ba ya fita daga warsharsa, wato wurin aikinsa. Teburin da ya ƙera ba a cusa masa kwali a ƙarƙashin ƙafa, ƙofar da ya kafa kuma ba sai an banke ta da kafaɗa take rufuwa ba. Yana da wani ɗan hatimi na ƙarfe mai ɗauke da sunansa. In ya gama aiki ya gamsu, sai ya gasa hatimin a garwashi ya danna a ƙasan kayan. In bai gamsu ba, ko mai kayan zai kwanta yana birgima ba zai danna ba. Ana ce masa mai taurin kai, shi kuwa yabo yake ɗaukar maganar.

Shi ya ɗauki nauyin Sulafa, 'yar ƙanwarsa, tun rasuwar mahaifinta, har ta gama jami'a. Ana jiran ta nemi aikin ofis, sai ta kwaso wata sha'awa da babu wanda ya gane mata a dangi, wato katakon zamiya mai tayoyi huɗu, wanda samari ke kira isket. Da yamma takan fita bakin Nilu ita da irinta, su zame, su faɗi, su tashi suna dariya kamar an biya su. Masu wasan sai ƙaruwa suke yi, amma babu inda ake sayar da katakon a gari, sai dai a jira ɗan'uwa mai dawowa daga Dubai. Nan Sulafa ta ga kasuwa. Da ta gaya wa kawunta, ya sa mata albarka da zuciya ɗaya, amma bai taɓa kallon abin da kyau ba. A wurinsa wasan yara ne, kuma dattijo ba ya tsugunawa ya duba wasan yara.

Ta sami wani matsattsen shago a Omdurman, tsakanin tela da mai gyaran waya. Mai shagon ya kafa mata sharaɗi ƙarara: in wata ya kama bai ga ƙofa a buɗe da kaya a ciki ba, zai ba wani mai sayar da lemo da ya daɗe yana masa sintiri.

Wanda zai shigo mata da kaya shi ne Muhannad, wani ɗan kasuwa mazaunin unguwar Hajj Yusuf, mai kawo fankoki da dutsen guga daga China. Shi ma jikan Hausawa ne kamar su Sulafa, amma Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba. Mutum ne mai daɗin mu'amala, aibinsa ɗaya: duk wanda ya yi masa magana a ƙarshe shi ne mai gaskiya. Bai san isket ba, bai kuma nuna bai sani ba. Ta aika masa hotuna, ya ce, "Tamam, ba matsala, ya ustaza, ki ɗauka ya iso."

Abin mamaki, ya iso ɗin. Katakai ashirin a kwali biyu, tayoyi da ƙarafunansu a kwali daban. Da yake ana fentin shago kuma ƙofarsa ba ta da kwaɗo tukuna, Sulafa ta ce a sauke katakan a warshar kawunta, ta kai tayoyin gida. Daga nan yawon takardun izini da rigimar mai fenti suka haɗiye ta, har aka fi mako ba ta leƙa Mantiƙa ba.

Ranar da ta je, ta tarar da Kawu Idirisu a bakin ƙofa yana murmushi, irin murmushin wanda ya yi alheri yana jiran a gani.

"Ya bitti, 'yata, shigo ki ga abin da Allah ya kuɓutar da ke," in ji shi. "Wannan yaron Muhannad ya so ya cuce ki."

A tsakiyar warsha akwai katuwar tukunya a kan murhu, gefe ga bulo jibge a kan wasu faffaɗan katakai. Ya ɗaga bulo ɗaya bayan ɗaya, ya zaro mata katakon farko. Zanen damisar da ke bayansa yana nan, launinsa yana nan. Amma gaban da ke ɗagowa sama da bayan da ke ɗagowa sama sun kwanta, kwarmin tsakiya ya ɓace. Katako ya miƙe sumul kamar murfin akwati.

"Kwalin ya yage a kusurwa, na leƙa," in ji Kawu. "Wallahi ko ɗaya babu mai lafiya. Duka sun lanƙwashe, gaba da baya. Ruwan teku ne ya taɓa su a tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan, na san irin wannan. Na turara su, na danne. Katakon banza ne mai gardama, wasu sai da suka tsage kafin su ji magana, amma sun ji."

Sulafa ta riƙe katakon, ta juya shi a hannunta. Wannan lanƙwasar ita ce isket ɗin gaba ɗaya. Da ita ake juyawa, da ita ake tsalle. Ta dubi hannuwan kawunta, ta ga inda tururi ya ƙona masa bayan yatsu. Kuka ya zo mata, dariya ma ta zo, ta haɗiye su duka. A gidansu ba a ce wa babba ya yi ɓarna, balle babban da ya ƙona hannu saboda ke.

"Sannu da aiki, Kawu," ta ce. "Duka ashirin ɗin?"

"Duka. Ni ba na rabin aiki."

Ta tari raksha mai ƙafa uku ta nufi ofishin Muhannad, tana fatan ko zai samo mata wasu da gaggawa. Tana shiga ya miƙe ya dafa ƙirji.

"Ma'alesh, yi haƙuri, ya ustaza, laifina ne. Hajj, kawunki, ya zo nan da kansa. Ya yi mini faɗa da Larabci, da ya ƙare ya koma Hausa, har kakana ya ambata. Ban ji duka ba, amma na gane. Ban duba kayan ba, da na duba ba za su fita daga hannuna a haka ba."

"Muhannad, ba ka ga hotunan da na aiko maka ba?"

"Na gani. Na ɗauka wayarki ce ke lanƙwasa hoto." Ya juyo mata da fuskar kwamfutarsa yana alfahari. "Amma kada ki damu, na rubuta wa masana'antar. Na ce kaya na biyu in suka sake aiko mana da karkatattu, mun rabu."

"Me suka ce?"

"Sun tambaya wai ko wasa nake. Kin ga rainin hankali. Na ce musu muna da usta mai shekara arba'in a sana'a."

Sai da ta zaunar da shi ta nuna masa bidiyo uku kafin ya yarda. Da ya yarda kuma ya yarda gaba ɗaya, har ya fara faɗin cewa dama shi tun farko ya ga alamar haka ake yin su. Ya rubuta wa masana'antar ya janye maganarsa. Amma sabon kaya ba zai iso ba sai bayan wata biyu, mai lemo kuwa har ya fara zuwa da igiya yana auna faɗin ƙofar shagon.

"Sai dai wata alfarma," in ji Muhannad da ta tashi tafiya. "In Hajj ya tambaya, kada ki ce ni na ce a karkace ya kamata su zo."

Kwana ta yi tana neman yadda za ta faɗa wa kawunta, ba ta samu ba. Washegari sai ta ɗauki nata tsohon katakon, wanda gefensa duk ya cinye, ta tafi Mantiƙa. A gaban warshar akwai ɗan dandamalin siminti da Kawu ya zuba da kansa, kuma tunda shi ya zuba, babu wuri mai santsi kamarsa a unguwar. Ta gaishe shi, ta ɗaure gyalenta, ta hau.

Ta zame zuwa ƙarshen dandamalin, ta taka bayan katakon, gabansa ya ɗaga, ta juyo. Ta sake zuwa, ta buga bayan a ƙasa, ita da katakon suka tashi sama suka tsallake wani gwangwanin fenti. Masu walda da makanikai na maƙwabta suka ajiye aiki suna kallo. Kawu Idirisu bai kalli fuskarta ba, bai kalli 'yan kallo ba. Ƙafarta yake kallo, yana ganin duk abin da za ta yi sai ta koma kan wurin nan da ya lanƙwashe.

"Kawo," ya ce.

Ta miƙa masa. Ya juya shi, ya rufe ido ɗaya ya hango tsawonsa, ya shafa kwarmin da babban yatsa. Ya shiga ciki ya dubi tulin nan ashirin da ke jere a miƙe. Sulafa ta ji tausayinsa ya kama ta har ta manta da shagon.

Ya juyo ya ce, "Wannan Muhannad ba shi da kirki. Ya zauna yana kallona ina zaginsa, bai ce mini komai ba."

"Haka ne, Kawu."

"Waɗannan ba za su koma ba. Katakon da aka turara sau ɗaya har ya tsage ya gama." Ya yi gyaran murya. "Ki bar mini naki. Ina da siraran falankai da nake fuskar kabad da su, ina da gam mai kyau. In na sassaƙa ma'auni daidai da lanƙwasar wannan, sai in manna su in matse a kai."

Sulafa ta dubi katakonta, shi kaɗai ya rage mai lanƙwasa, ta dubi tukunyar tururin da ke kan murhu. Ba ƙaramin abu ba ne a bar shi a hannun mutumin da ya miƙar da ashirin. Ta bar shi.

"Amma ki ji da kyau," in ji Kawu, ya ɗaga yatsa. "Zan yi saboda ke. Sunana dai ba zai hau karkataccen katako ba, kuma ba sai maƙwabta sun sani ba."

Tun daga ranar, ƙofar warshar Usta Idirisu, wadda ba a taɓa gani a rufe da rana ba, ta koma rufe. Maƙwabta suka yi ta zancen ko ciwo yake ɓoyewa. Sulafa ta kira shi a waya, ya ce na farko ya ɓare, na biyu ya yi nauyi kamar ƙofar banki, kada ta dame shi. Ita kuma ta kwashe miƙaƙƙun ashirin ɗin ta kafa su a bangon shago, suka zama kantoci masu zanen damisa da wuta. Duk wanda ya leƙo sai ya yaba kantocin, ya tambayi ina kayan.

Ranar buɗewa ta zo, ranar ƙarshe kafin wata ya kama. Samari da 'yan mata sun cika ƙofar shago tun hantsi. Tayoyi na jere, hulunan kare kai na rataye, katako babu. Mai shagon yana zaune wurin tela yana shan shayi, mai lemo na gefensa. Muhannad ma ya zo da kwalin biskit, yana gaya wa kowa cewa shi ya shigo da isket Sudan.

Sai ga raksha ta tsaya. Kawu Idirisu ya sauko cikin farar jallabiya, ya waiga hagu da dama, sannan ya ciro wani ƙunshi da aka naɗe da zanen gado, kamar kayan sata. Ya ajiye a ciki ya kwance. Katakai tara ne, ba fenti, sai ƙamshin sabon gam da mai, kowanne gabansa a ɗage, bayansa a ɗage. A samansu nata tsohon ne, ko ƙwarzane bai ƙaru ba.

Ta ɗaura wa ɗaya tayoyi cikin sauri, ba ta ko tsaya duba shi ba, ta fita titi. Ya fi na China ɗan nauyi, amma da ta buga bayansa ya tashi, ya sauka, bai ko tsage ba. Samarin suka yi ca a kan sauran. Mai lemo ya naɗe igiyarsa ya sa a aljihu.

Muhannad ya matso kusa da ita ya rage murya. "Ya ustaza, waɗannan ma a karkace suke. In yi wa Hajj magana, ko haka muke so?"

"Haka muke so."

"Dama na sani."

Ta koma ciki ta juya wani katakon don ta ɗaura masa ƙarafuna, sai hannunta ya tsaya. A can tsakiya, baƙi ƙirin, ga hatimin nan, sunan kawunta a ƙone a jikin katako. Ta juya na biyu, yana nan. Ta juya na uku. Ta ɗago ido, hawaye ya cika shi.

Kawu Idirisu yana tsaye yana duba yadda aka kafa kantocin bango, kamar bai san abin da ta gani ba.

"Na auna su ɗaya bayan ɗaya," ya ce, bai juyo ba. "Duka tara karkatarsu iri ɗaya ce, babu wanda ya fi wani ko da gashi. Wannan kantar taki ta gefe ce ba ta zauna daidai ba. Miƙo mini guduma."