Biyun da na manta a shafi na sha huɗu

Shekara tara ni da Farfesa Tchoffo muna kan lissafi ɗaya a jami'ar Dschang, har furfura ta fito mini a kan lissafin. Abin da muke so mu nuna shi ne, da sararin samaniya ya gama kumburarsa ta farko, tun babu tauraro ko ɗaya, wasu wurare sun yi nauyi har suka rufta suka zama baƙaƙen ramuka. Lissafinmu ya ce suna da yawa. Ranar Juma'a za mu aika takardar binciken a buga, ita ce ta ƙarshe kafin ya yi ritaya.

Idonsa ya mutu shekara biyu da suka wuce. Ni nake rubutu a allo, ni nake karanta masa.

Ranar Laraba na ga kuskuren. Na manta da lamba biyu a shafi na sha huɗu, tun shekarar farko, kuma da hannuna. A irin wannan lissafi, ƙaramin abu ba ya tsayawa a ƙaraminsa. Na mayar da biyun a gurbinta, ramukan suka ɓace ƙaf.

Gaskiya na yi tunanin yin shiru. Mai duba takarda ba lallai ya gani ba, tsohon kuwa ba zai taɓa gani ba. Na gaji, gajiyar da ko kuka ba na iyawa.

Na same shi a ofis da rana, ana ruwa, yana cin gasasshiyar ayaba da gyaɗa.

"Solange, takunki ya yi nauyi yau. Mijin ne ko yaran?"

"Baba, shafi na sha huɗu ne."

"Karanto."

Na karanta. Ya ce in sake, na sake. Ya daina tauna.

"To nawa suka rage?"

"Babu."

"Haba 'yata, ko ɗaya? Ko ɗan ƙarami na sawa a aljihu?"

"Ko ɗaya, Baba. Laifina ne."

"Da nake da ido na duba shafin nan sau nawa? Kada ki cinye laifin ke kaɗai, rowa ce." Ya yi 'yar dariya, ba ta kai ko'ina ba. "Ki kai ni wurin allo."

Na kama hannunsa na kai shi. Hagu tsohon lissafi ne, dama kuma gyaran da na yi da safe. Na miƙa hannu zan ɗauki tsumma in goge tsohon, ya riga ni lalubo shi.

"Ni na fara rubuta shi, ni zan goge."

Ya shiga gogewa a hankali, layi bayan layi, alli na zuba a kan takalminsa. Ɓangaren dama yake gogewa, wurin gyaran, ba tsohon lissafin ba.

"Ya fita duka?" ya tambaya, yana haki.

Na dubi shekara taranmu a hagu, ko harafi bai taɓu ba.

"Ya fita, Baba," na ce.