Tsayin Sirdin Sibdu

A Kudugu, inda keke ya fi akuya yawa, ba wanda ke waiwaye don ya ga tsoho a kan keke. Amma Kudbi Yameyogo in ya gifta sai an waiwaya. Mutum ne dogo zanƙaleliya, sirdin kekensa kuwa can ƙasa, in yana tuƙi gwiwoyinsa har neman haɓarsa suke yi, ka ce keken jikansa ya ara.

Keken na matarsa ne, Sibdu, wadda ta rasu shekara tara ke nan. Irin na hawan dutsen nan ne, mai kaurin taya da giya goma sha takwas, cikin gwanjon da ake kawowa daga Faransa. Ba wani keken a zo a gani ba ne. Ko ranar da ta saye shi, shekara talatin da suka wuce, irinsa sun fi ɗari jingine a kasuwa. Kore ne, rabin haruffan sunan kamfanin sun ɓare. Da shi take kai daddawa kasuwar Reyo, kwano a ka, hannun dama dafe da kwanon, na hagu a kan keke. Kowace mace a unguwar Dapoya sai ta kai kekenta an yi masa waldar kariyar ɗaukar kaya a baya, ita ta ƙi. Takan ce, "Allah ya ba ni kai, don me zan ƙona wa keke baya?"

Sibdu gajera ce. Ranar da ta sayi keken ta sa aka yi ta sauke sirdin, tana hawa tana sauka, har ƙafarta ta zauna daidai a kan feda, sannan ta ce a ɗaure. Tun daga ranar sifana ba ta sake taɓa notin nan ba.

Da aka gama makoki dangi suka raba kayanta yadda aka saba. Zannuwa suka tafi wurin ƙannenta, tukwanen daddawa wurin matar wanta. Hotonta ɗaya ne a gidan, shi ma daga ƙirji ya tsaya. Da aka zo kan keke, Kudbi ya dafa sirdin ya ce wannan ba ya cikin rabo. Daga nan ya jingine nasa ya koma hawan nata, yadda ta bar shi.

Kowace Asabar da hantsi yakan fito da shi gindin mangwaro, da tsumma da tsohon buroshin haƙori da man keken ɗinki. Ruwa ba ya taɓa shi. Yakan bi sarƙar gaɓa gaɓa, ya shafa kwarzanen da ke gefe, na ranar da Sibdu ta faɗi a rafin Reyo da cikin 'yarsu Wendiyam, ya goge robar kan keken ta hagu wadda tafinta ya cinye har ta yi santsi, ta dama kuwa kamar jiya aka sa. Da taya ta mutu, mota ya shiga har Wagadugu ya wuni yana bin rumfuna neman irinta sak. Mutane suka ce tsufa ne. Shi dai ya san gidan ya yi masa girma, kuma muddin yana wannan goge-gogen ba ya jin shirun.

Mutum ɗaya ke leƙo shi, Boyo Pare, tsohon malamin makaranta, ɗan ƙabilar Samo, abokan wasan Mosi, ƙabilar su Kudbi, tun kaka da kakanni.

"Bawana!" in ji Boyo tun daga bakin ƙofa. "Kana nan kana wa amaryar taka wanka? Tashi ka ba ubangijinka kujera."

"Yaushe Samo ya san kujera? Ga ƙasa nan, gadonku ce."

Boyo ya ja kujerar ya zauna, ya ga yadda Kudbi ya dafa mangwaro kafin ya iya miƙewa. Ya ce, "Ka ga abin da nake gaya maka? Likita ya ce ka ɗaga sirdin nan ko gwiwar ta tafi. Yatsa huɗu kawai. Wai ku Mosi da me aka yi kanku, da dutsen niƙa?"

"Gwiwar taka ce?"

"Tawa ce mana. Bawa da gwiwarsa duk na mai shi ne."

Kudbi ya yi dariya ya ci gaba da goge sarƙa. Bai taɓa gaya wa Boyo dalili ba. Ta yaya namiji mai furfura zai buɗe baki ya ce, a duk duniya wannan sirdin ne kaɗai ya san tsayin matata?

Da damina ta tsaya Wendiyam ta haihu a garin Bobo, ta matsa sai ya zo ya ga jika. Ya kulle keken a ɗaki, ya ba Boyo mabuɗin gida saboda zabbi, ya yi mako biyu.

Ranar da ya dawo ya tarar da mutane a tsakar gidansa, maƙwabta da 'yan cocinsu, har an dama ruwan gero ana zagayawa da shi. A gindin mangwaro ga wani abu lulluɓe da zane. Boyo ya tsaya kusa yana washe baki kamar gonar auduga.

"Rufe ido, bawa!"

Ya yaye zanen. Keke ne shuɗi yana ƙyalli, fenti har kan haruffan. Sabbin robobi jajaye a kansa, ga kariya an yi mata walda daram a baya, ga sabon sirdi mai taushi, tsaye can sama daidai dogon mutum. Mata suka rangaɗa guɗa. Wani ya ce wallahi kamar daga kwali aka ciro shi.

Kudbi ya ƙura wa keken ido. Da wani ne ya yi masa haka, da ranar Dapoya ta ji muryarsa. To amma Samo ne. Ɗan Samo ya shiga gidanka ya kama akuyarka ya yanka, dariya za ka yi, in ka yi fushi kai ka yi abin kunya, kuma har jikokinka sai an goranta musu. Wannan Boyon dai shi ya dira cikin kabarin Sibdu ranar jana'iza ya ce ba a binne baiwarsa sai an fanshe ta da goro, har ya sa Kudbi dariya hawaye na zuba. Kuma ga idonsa nan, cike da murna, yana jiran a yaba masa.

"Ɓarawo ɗan ɓarawo," in ji Kudbi, murya na rawa. "Allah ya saka."

Aka yi shewa. Kowa ya ɗauka daɗi ne ya shaƙe shi. Da suka watse ya zauna shi da shuɗin keken, kamar an bar masa baƙon da ba su jin harshen juna.

Washegari da safe ya tura shi har rumfar Rasmane mai gyaran keke, bakin kasuwa. Bai hau ba.

"Baba Kudbi, ka ga aiki ko? Malam Boyo ya ce in mai da shi saurayi."

"Ina tsohon sirdin?"

Rasmane ya tona tarin tarkace ya zaro shi, duk ƙasa. Robobin kuwa ya ce da wuƙa ya yanke su, sun bi shara tun makon jiya. Kudbi ya haɗiye wannan. Fenti ya tafi, kwarzane ya tafi, to. Abu ɗaya ya rage masa. Ƙarfen da sirdi ke zaune a kai, wanda ya shekara talatin a wuri ɗaya, dole rana da ruwa sun bar masa zobe daidai inda ya shiga jikin keken. Ya sa Rasmane ya kwance ya zaro.

Ƙarfen fari tas, daga sama har ƙasa.

"Ai na ci shi da samfefa," in ji Rasmane da alfahari. "Tsatsa ce ta yi masa ɗamara, da ƙyar ta fita."

"Yatsa nawa ka ɗaga?"

Rasmane ya sosa ƙeya. "Huɗu? Ko shida ne. Baba, keke nawa ke bi ta hannuna a rana? Wa zai riƙe wannan?"

Kudbi ya sa aka mayar da tsohon sirdin, ya ari sifana, ya tura keken gida.

A tsakar gida ya tsaya ya ɗora tafinsa a ƙirji. Nan kan Sibdu ke kai masa? Ya ɗaga zuwa kafaɗa. Ko nan? Shekara talatin da takwas suna tafiya coci kafaɗa da kafaɗa, ga shi yau ya kasa cewa. Ya kira Wendiyam a waya ya tambaye ta tsayin uwarta, ta ce, "Gajera ce dai, Baba. Lafiya?" Jariri na kuka a bayanta, ya ce lafiya lau. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka rufe Sibdu, don ranar ya san abin da ya rasa, yau kuwa yana neman mantawa.

Da rana ta yi sanyi ya sa sifanar a aljihu ya hau hanyar Reyo. Keken na gudu kamar ba shi ba. Ƙafarsa na miƙewa sosai, gwiwa shiru, ko ɗis. Boyo ya yi gaskiya, likita ya yi gaskiya, kuma bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan lafiyar ba.

Ya tsaya gindin wata ɗorawa ya sauke sirdin yatsa ɗaya, ya hau. Gwiwa shiru. Ya ƙara gaba ya sake saukewa. Mata masu dawowa daga kasuwa suka wuce shi da kwanuka a ka, suka gaishe shi, ɗaya ta tambaya ko faci ne. Ya ce a'a, 'yata, ku gai da gida. Sau biyar yana tsayawa. A na shida ya zarce, ƙugunsa ya ƙage, ya gane ya yi ƙasa da yawa, ya mayar rabin yatsa.

Sai ga hawan nan na bayan rafi, inda Sibdu ta taɓa faɗuwa. Ya danna feda ta hagu da ƙarfi, sai gwiwar ta soke shi can ƙarƙashin ƙoƙo, daidai wurin, daidai yadda ta saba sukarsa shekara tara. Ya sake dannawa don ya tabbata. Ta sake sukarsa.

Ya sauka a tsakiyar hawan, ya dafa sirdin, ya daɗe a tsaye.

"Ashe nan kike," ya ce.

Ya ciro sifanar ya ɗaure notin, ya ƙara ɗaurewa har jijiyar hannunsa ta tashi. Sannan ya juya kan shuɗin keken ya nufi Kudugu a hankali, gwiwoyinsa na neman haɓarsa, ta hagun na ciwo.