Dusar Malam Magagi

Lailatu tana shirin kashe kwamfuta sai Malam Magagi ya dire buhu a ƙofar ofishin ƙungiyar agajin da take wa aiki. Daga Bonkuku dattijon ya taso, ga ruwan shuka ya sauka tun shekaranjiya.

"Ɗiyata, iri niz zo amsa, sai anka ba ni dusa. Mi za ni yi da ita? Bisashena sun ƙare tun bara."

Lailatu ta koma gaban kwamfutar. Ita ta rubuta manhajar rabon taimakon nan da harshen kwamfuta na Python, har tana taƙama da ita. Aji biyu ta gina: Manomi, mai samun irin gero, da Makiyayi, mai samun dusar dabbobi. To a ƙasar Imanan, yankin su Bonkuku, wa ya taɓa raba noma da kiwo? Sai ta ƙara aji na uku don masu noma da kiwo, wanda ya gaji duka biyun. Kowanne cikin biyun farko yana da umarni mai suna "rabo", ita kuwa Python ba ta zaman sulhu. Wanda aka fara rubutawa daga hagu, nasa take bi, ɗayan ko oho.

Ta buɗe layin aji na ukun. Makiyayi ne a gaba, Manomi a baya. Ba wani dalili, ranar haka hannunta ya faɗa. Kuma ta san ba Magagi kaɗai ba ne, duk gidan da aka taɓa ganin akuya a cikinsa dusa ya samu. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta.

Ta sauya wa kalmomin biyu wuri. Aikin bai kai kurɓar ruwa ba. A gaban sunan Magagi, "iri" ya fito.

"An gyara, Baba."

"Madalla. Ina za ni amsa?"

Kamal, mai kula da mangazar ajiyar kaya, ya sunkuyar da kai. "Baba, iri ya ƙare tun jiya. Sai an kawo wani daga Yamai, wata mai kamawa."

Babu wanda bai san shukar wata mai kamawa kara kawai take bayarwa ba. Dattijon ya daɗe yana kallon hadarin da ke haɗuwa a gabas, sannan ya duƙa ya kama bakin buhun.

"Bar shi nan, Baba," in ji Lailatu. "Ai ba ku da dabba."

Ya saɓa buhun a kafaɗa.

"Akwai yara gida, ɗiyata. In an tankaɗe ta, tana tuƙuwa."