Zoben Makullan Injiniya

Tun da ta zauna a bas Maman 'Yan Biyu take kokawa da zoben makullan. Ta sa farce, farcen ya karye. Ta sa haƙori, matar da ke kusa da ita ta gyara zama tana kallonta a kaikaice. Zoben ko gezau. Na kamfani ne, an liƙe bakinsa da wuta, an maƙala masa wani ɗan baƙin ƙarfe mai lamba. Makullan ɗakunan janareto na duk gine-ginen da kamfanin ke kula da su suna jiki, a tsakiyarsu kuma ga wanda take son zarewa, makullin ɗakin da suke zaune a gidan ma'aikata.

Mijinta ne mai gyaran janareton kamfanin, kowa Injiniya yake ce masa duk da bai taɓa leƙa jami'a ba. Watanni ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Duk wanda ya bugo daga ofis, amsarta ɗaya ce: yana samun sauƙi, ya kusa dawowa. Ƙarya take yi, kuma ta san dalilinta. Ɗakin na mai aiki ne. Ran da suka ga yadda yake kwance, ran nan za a ce su tattara.

Sai ga manhajar da kamfanin ya kawo don bin sawun makullai ta sako su gaba. Kullum safiya wayarsa sai ta yi ƙara: makullai sun wuce wa'adi, a mayar. Jiya maigadi ya raɗa mata cewa in ba a kai ba, za a turo mutum har gida ya karɓa. Shi ya sa yau da yara suka tafi makaranta ta gyara wa Injiniya kwanciya, ta ajiye ruwa ta wajen hannunsa na hagu, ta kulle shi daga waje. Makullin ɗaya ne tal, irin wanda masu yankan makulli na bakin titi ke juyawa su ce ba su da bakinsa.

A babban ofis aka nuna mata wata budurwa mai tabarau, zaune gaban kwamfuta. Bayanta akwai akwatin ƙarfe mai murfin gilashi a jikin bango, cike da ramuka masu ƙananan fitilu.

"Sannu Mama. Ya jikin Injiniya?"

"Da sauƙi sosai, 'yata. Ƙafar ce kawai ta ɗan rage." Ta ajiye zoben a tebur. "Ga kayanku. Amma ki taimaka ki cire mini wannan, na ɗakinmu ne."

Budurwar ta juya zoben. "Kai, Mama, in na yanka wannan, yanzun nan rahoto zai tafi wajen manaja. Bari ki ga. Mu sa shi duka a akwati saƙonnin su tsaya, sai in sake fitar da shi da sunanki, in ce na ɗaki za ki yi amfani da shi kafin a raba zoben."

"Zai yiwu?"

"Me zai hana? Ni nake zaune a kan manhajar."

Da zuciya ɗaya yarinyar ta faɗa, wannan ba a ƙwace mata ba. Ta cusa baƙin ƙarfen a rami, akwatin ya ce ƙaras, fitilar ta koma kore. Ta dawo kujera tana danne-danne, tana ɗan murmushi. Can murmushin ya fara gushewa. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Lafiya, 'yata?"

"Manhajar ta ce ba ta san ki ba. Ma'aikaci kawai take ba makulli."

"To fitar da sunansa."

"Shi ma ta dakatar da shi, tunda ya daɗe bai shiga aiki ba. Zoben ne kaɗai ya riƙe sunansa a buɗe." Muryarta ta yi ƙasa. "Mama, ɗakin ma ya koma cikin waɗanda babu kowa."

"Babu kowa? Mutum na kwance a ciki! Ni na kulle shi da hannuna!"

Duk ofishin aka juyo. Sai a lokacin ta ji abin da bakinta ya faɗa. Abin da ta yi watanni tana rufewa, ta zazzage shi a gaban masu shara da masinja. Ta koma ta zauna a benci.

Budurwar ta yi ta buga waya kamar za ta yi kuka. Manaja yana wani reshen. Mutum ɗaya ne manhajar ta yarda ya zari makullin ɗakin da babu kowa, jami'in gidaje, shi kuma ya fita duba wani gini. Aka jira. Maman 'Yan Biyu tana kallon zoben ta gilashin akwatin, ga shi kusa kamar ta miƙa hannu. Tana tunanin ko ruwan ya zube, ko ya yunƙura zai tashi ya faɗi. Rana ta take, ta fara karkata.

Jami'in ya iso yana share gumi, mutum mai tumbi da taushin murya. Ya saurara, ya yi salati, ya dangwala yatsa, akwatin ya saki zoben ba gardama.

"Mu je in kai ki, Hajiya. Ai ba a bar mara lafiya a kulle ba."

A bakin mota wani saurayi ya tare su da jakar kayan aiki a kafaɗa. Jami'in ya ce ya shigo.

"Sabon mai janaretonmu ne," ya ce da ita, bai kalle ta ba. "Tun da aka ɗauke shi a shagon ɗan'uwansa yake kwana. Ɗazu saƙo ya shigo masa wai an samu ɗaki."

Saurayin ya gaishe ta da ladabi. Ta amsa. Suka kama hanya. Ta so ta roƙa, ta rasa wanda za ta roƙa a cikinsu, domin babu wanda ya yi mata komai.

Jami'in ne ya buɗe ƙofar. Zafi da warin ɗakin suka fito suka tare su. Injiniya yana nan yadda ta bar shi, kofin ya kife, zanin gadon ya jiƙe. Ta yi sauri ta ja bargo ta rufe shi. Saurayin ya tsaya a bakin ƙofa, yana ƙoƙarin kada ya kalli gadon, sai idonsa ya koma kan taga da silin da inda soket ɗin wuta yake.

Injiniya ya ƙura wa jami'in ido har ya gane shi. Rabin fuskarsa mai motsi ya washe. Ya ɗaga hannun hagu yana nuna kujera, yana kokawa da harshensa.

"Me yake cewa, Hajiya?"

Ita kaɗai ke gane maganarsa yanzu. Ta sunkuyar da kai.

"Wai ya gode da kuka zo duba shi. Wai in kawo muku ruwa."