Jar Ƙofar da Inna Ba Ta Ƙetare Ba

Tun daga tashar jirgin ƙasa Inna take cika mini kunne da zancen yayana Kiyotaka. Wai ya iya ruwa kamar kifi, wai akwai ƙananan tsibirai da ba a leƙa ba, wai masu neman nan ragwaye ne. An kusa wata da tsintar kwalekwalensa a kife, shi kuwa ko sama ko ƙasa. Na gaji da musu. In ta faɗa sai in ce to, in mayar da ido kan gonakin shinkafa.

Ita ta dage sai mun zo wurin bautar nan da ke kan dutse a cikin teku, inda iyalan masunta ke roƙon a dawo musu da nasu. Mu mutanen tudu ne, ba mu taɓa taka garin ba, aiki ne ya kawo Kiyotaka. Har akwatin dafaffiyar shinkafa ta ƙullo masa, ko za a dace.

A bakin gaɓa muka tarar da wata tsohuwa tana gasa kifi.

"Baƙi ne ku, ko? To ku ɗaga ƙafa, ruwa na cikowa. In ya rufe hanyar, sai dai ku yi iyo."

"Ɗana na zo roƙa wa," in ji Inna. "Kiyotaka."

Tsohuwar ta sunkuyar da kai, ta juya kifin da bai isa juyawa ba.

Muka iso jar ƙofa, wadda daga ita hanyar duwatsu ta miƙe zuwa ɗakin bauta. Inna ta rusuna yadda aka saba. Sai ta tsaya cak.

Ko yaro a ƙasarmu ya san mutanen gidan da aka yi rasuwa ba sa ƙetare irin wannan ƙofa sai bayan kwana hamsin. Ba a shiga wa abin bauta da mutuwa a jiki. Amma mu ai ba a yi mana rasuwa ba. Ba haka take faɗa mini ba tun safe?

"Inna, mu je mana."

"Gwiwata ce, Fumie."

"Gwiwar da ta hau matakalar tasha kamar budurwa? Zo in goya ki."

"Rage murya, nan ba kasuwa ba ce."

Raina ya ɓaci, na kuma tsorata. Ashe duk gunagunin da nake yi, da bakinta nake rayuwa. Muddin tana cewa yana nan, ni ma ina da yaya.

"Ke kika ja ni har nan! Ke kika ce yana da rai!"

"To ke ki shiga, 'yar nan," ta ce a hankali. "Ki kaɗa ƙararrawar ɗakin bautar, ki roƙa mana."

Na ɗaga ƙafa. Na daɗe a haka kamar zakara, sannan na mayar da ita inda take.

Muna tsaye ruwa ya lashe dutsen farko, ya hau na biyu. 

Can Inna ta durƙusa a kan yashi, ta kwance ƙullin, ta juya akwatin ya fuskanci teku. Ta ɗauki tsinken cin abinci ta soke shi a tsaye a tsakiyar shinkafar, abin da take marin hannunmu a kai muna yara, don mamaci kaɗai ake yi wa haka.

"Ci, ɗana," ta ce. "Ta huce, amma ci."