Kunyar 'Yar Fari

Mai gadin ƙofar jastis, wato kotun Tanut, ya dubi Balki, ya dubi yaron da ke goye a bayanta, sannan ya sa ta maimaita abin da ta ce tana nema.

"Lauya," in ji ta.

Ya yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba. Ya ce a Tanut akwai alƙali, akwai jandarma, akwai gidan kaso ga mai bukata, amma lauya ba ya zama a nan. Lauyoyi suna Yamai, 'yan kaɗan kuma suna Damagaram, sai shari'a ta kawo su suke leƙowa, kuma kafin la'asar sun kama hanya.

Ita Balki a zatonta lauya kamar tela ne ko mai gyaran rediyo, kowane babban gari yana da layinsu, ka je ka zaɓi wanda fuskarsa ta kwanta maka. Da wannan zato ta baro Ollelewa da sassafe a bayan motar 'yan kasuwa, ta zauna kan buhun gero, ga yayanta Ila a gefe yana riƙe da igiyar akuyar da zai sayar. Tun a hanya yake ce mata wannan tafiya ba ta da kai, ita kuwa ta yi masa kunnen uwar shegu.

Sai mai gadin ya sassauta. Ya ce ta taki sa'a, yau akwai wata lauya daga Damagaram a ciki, ta zo shari'ar manoma da makiyaya na wajen Tarka. Su zauna ƙarƙashin dogon yaro, in ta fito su tare ta.

Abin da ya kawo Balki ba boyayye ba ne. Sahabi, tsohon mijinta, makaniken motoci a nan Tanut, ya sami aiki a Arlit, kuma ƙarshen makon nan zai kwashe iyalinsa su tafi. Cikin iyalin akwai 'yarta ta fari. Tanut ma da ke nan kusa, tun da yarinyar ta koma hannun ubanta ba a kawo ta Ollelewa ko sau ɗaya ba, balle Arlit da sai an ratsa Agadas a ci gaba da tafiya cikin rairayi. Balki ta san in motar nan ta tashi ba tare da an ɗaure magana ba, sai dai ta ji labarin auren 'yarta a bakin matafiya.

Ba ƙwace yarinyar aka yi ba, wannan kam ko ita ba ta faɗa. Da aure ya mutu, an bar mata ita har ta kai shekara bakwai, kamar yadda aka saba. Sannan Sahabi ya zo da baffansa, aka zauna a zauren mai gari, ga mahaifin Balki, ga kawunnanta, ga liman. Mai gari ya tambaye ta ko tana da magana a kan yarinyar. To, wace 'yar mutunci ce za ta buɗe baki gaban ubanta ta ce tana son 'yar fari? 'Yar da ko sunanta ba ta taɓa kamawa ba, sai "ke" ko "yarinyar nan", wadda ko a ɗaki ba ta yi mata wasa sai ta tabbata ba idon kowa. Balki ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce ita ba ta da 'ya, 'ya ta ubanta ce. Dattawa suka gyaɗa kai, aka sa mata albarka, har liman ya ce irin wannan tarbiyya ta yi ƙaranci a zamanin nan. Duk wanda ke zauren ya san abin da take nufi. Ta koma gida ta yi kwanaki abinci ba ya wuce mata maƙogwaro.

Tun daga nan, duk ranar kasuwar Tanut sai ta ƙulla wani abu ta ba Ila ya kai wa yarinyar: ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, wani lokaci ɗan kunne ko ɗankwali. Kullum da gargaɗi ɗaya, kada ya ce daga wurinta ne. Ila kuwa mutum ne mai riƙon amana har ta yi yawa.

Rana ta kusa tsaka lauyar ta fito, baƙar riga a rataye a hannu, waya a kunne. Balki ta yi tsammanin ganin dattijuwa, sai ga mace da ba ta girme ta ba. Tana tafe tana cewa, "Almustafa, ɗan albarka, ka ci abinci? Ka ci don ni, ka ji?" Da ta kashe wayar ta amsa gaisuwarsu, ta ce sunanta Metir Maryam, don haka ake kiran lauya, ta kuma ƙara da dariya cewa ɗanta na fari ne, in ba ta kira ba ba ya cin komai. Balki ta sunkuyar da kai, kunya ta kama ta a madadin matar.

Metir Maryam ta ce motarta ba za ta tashi ba sai bayan azahar. Ta zauna a kan benci kusa da su, ta ce a faɗa mata. Balki ta fara, tana zagaye-zagaye, "yarinyar" ta yi kaza, "yarinyar" ta tafi kaza.

"Yaya sunanta?"

Balki ta dubi ƙasa. Ila ya yi gyaran murya ya ce Sadiya.

"Uwar na tambaya, Malam."

Ila ya ce ai 'yar fari ce. Lauyar ta ce ta gane, ita ma mahaifiyarta har ta koma ga Allah ba ta kama sunan babban wansu ba. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi wa'azi ba. Sai da aka zo kan abin da Balki ta faɗa a zauren mai gari ta ajiye biron da ke hannunta, ta ce a maimaita mata kalma kalma. Aka maimaita.

Ta yi musu bayani a hankali. Irin wannan magana, in ji ta, alƙali yana zama ne da dattawan da suka san al'ada, kuma abin da za a fara tambaya shi ne yadda aka rabu gaban mai gari. Shaidu za su zo su rantse cewa uwa da bakinta ta ce ba ta da 'ya, kuma ba ƙarya suka yi ba. Duk da haka ƙofa ba ta rufe ba, domin alƙali yana duba abin da ya fi wa yaro alheri, kuma da wuya ya hana uwa ganin 'yarta lokacin hutu. Amma shari'a ba ta ƙarewa kafin ƙarshen mako. In ana son abu da sauri, sai a nemi uban a yi sulhu, a shiga gaban alƙali a tabbatar.

Maganar da aka sa wa Balki albarka a kanta, yau ita ce za a kafa mata shaida da ita. Ta ce, murya ƙasa-ƙasa, ai kowa ya san kunya ce. Lauyar ta ce ta yarda kowa ya sani, amma kunya ba ta shiga bakin shaida, abin da kunne ya ji shi ake faɗa.

Ila yana da lambar Sahabi, sai ya kira shi. Balki ta shirya jin ya ƙi zuwa, har ta tanadi abin da za ta ce a kan taurin kansa. Sai ga shi kafin a kira salla, a kan babur, hannu duk baƙin mai, ga yarinyar a bayansa da jakar lakwal, don daga makarantar ya ɗauko ta.

Ta yi tsawo. Ta yi hasken ubanta, amma tafiyar ta kakarta ce, mahaifiyar Balki, har yadda take ɗan jan ƙafar hagu. A kunnenta akwai 'yan kunnen da Balki ta zaɓa da hannunta a kasuwar Ollelewa. Sai Balki ta yi abin da ta iya: ta kau da kai, ta sauko da ƙaramin ɗanta da ke bayanta, ta shiga share masa hanci tana cewa, "Bashir, kai dai ba ka rabo da majina."

Yarinyar ta ruga wurin Ila tana murna, ta riƙe hannunsa. Sannan ta zo gaban Balki ta ɗan rusuna ta ce ina wuni, irin gaisuwar da ake yi wa maƙwabciya, ta koma gefen ubanta.

Sahabi ya saurari lauyar har ta gama. Sannan ya ce shi fa mamaki yake yi. Bai taɓa hana uwa 'yarta ba, kuma ba a taɓa aiko masa cewa ana son ganinta ba. Da ƙaramar salla ya ce yarinyar ta shirya ya kai ta Ollelewa, ta ƙi. Da babban hutu ya sake cewa, ta yi ta kuka har matarsa ta ce a ƙyale ta. In alƙali ya ce a riƙa kawo ta duk hutu, shi ba shi da ja, ko daga Arlit ne zai sa ta a mota. Amma ba zai ɗaure ta da igiya ba.

Balki ta ji maganar kamar an watsa mata ruwan randa. Ta so ta ce ƙarya ne, amma ta zauna da Sahabi shekaru, ta san laifuffukansa ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙarya ba ta cikinsu.

Metir Maryam ta jawo yarinyar kusa da ita. Ta tambaye ta ajinsu, ta tambaye ta sunan madam ɗinsu, sai da ta ga ta saki jiki sannan ta tambayi abin da ya hana ta zuwa Ollelewa.

Yarinyar ta yi wasa da igiyar jakarta. Ba ta dubi kowa ba.

"Ai ta ce ba ta da 'ya."

"Wa ya faɗa miki?"

"Ni na ji. Ina bayan zana ranar, wajen mai gari." Sannan ta ci gaba ba tare da an tambaye ta ba. "Bashir take so. Shi take kira. Ni ko sunana ba ta sani ba. A can Kawu Ila kaɗai ke sona, shi yake kawo mini ƙuli-ƙuli, shi ya saya mini wannan." Ta taɓa kunnenta.

Ila ya buɗe baki, ya dubi ƙanwarsa, ya rufe. An ce kada ya faɗa, kuma har yanzu ba a ce ya faɗa ba.

Balki ba ta yi kuka ba, abin ya wuce kuka. Duk zauren nan, dattawa da liman da baffan Sahabi, kowa ya fassara maganarta daidai. Mutum ɗaya ce ta ɗauke ta yadda aka faɗe ta, kuma ita ce wadda aka yi maganar dominta. Shekara bakwai tana goyo tana dakan fura tana kwana zaune in zazzaɓi ya tashi, ashe yarinyar tana gefe tana jiran a kira ta. Ita Balki wa ya taɓa zaunar da ita ya ce mata kunya ce? Ba kowa. Ta tashi ne a gidan da kowace uwa haka take yi, ta gane da kanta. Ita kuwa wannan an ɗauke ta kafin ta gane, aka kawo ta gari inda mata ke tsayawa bakin ƙofar lakwal suna ƙwala wa 'ya'yansu kira.

Ladan ya kira azahar. Lauyar ta miƙe ta ɗauki rigarta. Ta ce wa Sahabi ya dawo gobe da safe a shiga gaban alƙali a tabbatar da maganar hutu, ya ce to. Sannan ta matso kusa da Balki ta rage murya. Ta ce hutun kam za a samu, wannan ba ya ma bukatar lauya. Amma alƙali ba zai iya sa yaro ya so zuwa inda yake ganin ba a son sa ba, kuma wannan aikin ba wanda zai yi mata, ko daga Yamai aka ɗauko shi.

Sahabi ya tada babur. Yarinyar ta hau baya, ta gyara jaka, ta ɗaga wa Ila hannu. Bakin ƙofar cike yake da mutane: makiyayan Tarka da rawunansu, jandarma biyu, mata masu sayar da ruwa, mai gadi, ga kuma yayanta a tsaye dab da ita. Balki ta ji harshenta ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Sunan yana nan, kullum da shi take kwana, amma bai taɓa bin hanyar bakinta ba.

"Sadiya."

Ya fito a shaƙe, amma ya fito. Ila ya juyo ya dube ta kamar ta tuɓe mayafi a tsakiyar kasuwa.

Yarinyar ta waiwayo. Ta dubi lauyar, ta dubi masu sayar da ruwa, ta leƙa bayan mai gadi ko wata 'yar ajinsu ce. Idonta ya bi ta kan uwarta ya wuce, bai tsaya ba. Ta san muryar, ta san sunan, amma ba ta taɓa jin su tare ba.

Balki ta saki hannun Bashir, ta taka zuwa tsakiyar fili inda kowa zai gan ta.

"Ni ce," in ji ta. "Ni na kira ki."

Sahabi ya dubi 'yarsa ta madubi. Sannan ya sauke ƙafa ƙasa, ya kashe babur.